Ilimin mota: birkin baya mai kamawa da mai kuka

Damina tana zuwa da albarka, tana zuwa kuma da aiki ga masu motoci. Daga watan Yuni zuwa Satumba motocin kasuwa suna ratsa ruwa da laka. Suna tsallake Gulbin Maraɗi, da Gulbin Kaba, da Majiya, da ƙoramun ƙasar Damagaram. Da rani kuwa sai rairayi da ƙura. Ruwa da laka da rairayi duka suna shiga cikin ƙafafun baya na mota. Can ne birkin baya shike.

Motar kasuwa ba direba kaɗai take ɗauka ba. Akwai mata da goyo. Akwai tsofaffi. Akwai buhunan hatsi da wake da albasa, har da awaki. Idan mota ta kama gangara, rayukan mutanen nan da dukiyarsu suna bisa birki.

Birki ba shi lalacewa a ɓoye. Kafin shi ƙi aiki sai ya yi magana. Shina magana da kuka, da zafi, da wari. Direban da ya iya saurare zai san wurin ciwo kafin shi sayi magani. Wanda bai iya ba sai shi yi ta sayen kaya, ciwo kuwa shina nan.

1. Mine ne cikin birkin baya?

Motoci da yawa suna da birki iri biyu. Na gaba faifai ne. Na baya kuwa kamar tukunyar ƙarfe shike, makanikai suna ce mashi tambur. Irin wannan birki ya daɗe. Wani Bafaranshe mai ƙera motoci, Louis Renault, ya fito da shi a shekara ta 1902. Shi ne a bayan Peugeot 404, da 504 mai ɗaukar kaya, da yawancin Toyota Hilux da Hiace.

Ga abubuwan da suke wurin:

Tambur. Shina juyawa tare da taya.

Takalman birki. Guda biyu ne cikin kowace ƙafa, a lanƙwashe kamar jinjirin wata. Kowane takalmi shina da fata a bayanshi. Makanikai suna ce ma fatar garnitir. Ita ce take gogar tambur.

Silinda. Ƴar ƙarama ce, tana sama tsakanin kawunan takalma. Cikinta akwai fistan da roba. Man birki shina shiga cikinta.

Rasor. Wayar ƙarfe ce murɗaɗɗiya. Aikinta jawo takalma su koma wurinsu.

Farantin baya. Ba shi juyawa. Bisa gare shi anka ɗaura takalma da silinda.

Ƙusar daidaitawa. Tana da haƙora kewaye. Da ita ake rage ko a ƙara tazara tsakanin fata da tambur.

Kabul. Igiyar ƙarfe ce cikin kube. Tana tasowa daga birkin hannu zuwa ƙafafun baya.

Idan direba ya taka feda, man birki shina bin tiyo har silinda. Fistan shi tura takalma waje. Fata ta matse tambur, mota ta tsaya. Idan ya ɗauke ƙafa, rasor shi jawo takalma, mai shi koma baya, taya ta saki.

Ke nan aiki biyu ne: matsewa da saki. Mai ne shike matsewa, ko kabul. Rasor ne shike saki. Duk birkin da ya kama ya ƙi saki, ɗayan biyu ne. Ko wani abu shina tura takalma har yanzu, ko wani abu ya hana su komawa. Wanda ya riƙe wannan magana ya riƙe rabin darasi.

2. Alamomin birki mai kamawa

Mota tana yin nauyi, kamar an ɗaura mata kaya alhali babu kaya.

Idan an fitar da giya bisa hanya madaidaiciya, mota ba ta gangarawa da nisa, sai ta tsaya da wuri.

Tana shan mai fiye da wada ta saba.

Tana karkata gefe guda idan an taka birki.

Ana jin warin ƙuna daga baya, kamar an ƙona fata. Wani lokaci har da hayaƙi.

Da safe mota ta ƙi motsawa, sai an ba ta wuta ta yi ƙas sannan ta tafi.

Idan an taɓa birki kaɗan, tayar baya ta ƙafe tana jan ƙasa.

3. Don mi abin shike da haɗari?

Wasu direbobi suna cewa: "Birkin da ya kama ai ya fi wanda bai kama ba." Wannan kuskure ne babba. Birki mai kamawa shina yin zafi. Zafi kuwa shi ne maƙiyin birki.

Fata idan ta yi zafi ƙwarai sai ta yi santsi kamar gilashi, ta daina riƙo. Rasor idan ya sha zafi sai shi yi sanyin jiki. Giris na rulma shi narke. Taya ma tana iya fashewa.

Mafi muni shi ne tafasar man birki. A jikin gwangwanin mai an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba shi tafasa sai zafi ya kai digiri 205. Sabon DOT 4 sai digiri 230. Amma man birki shina tsotsar laima daga iska. Idan ya tsufa ya sha ruwa, DOT 3 shina iya tafasa a wajen digiri 140, DOT 4 a wajen digiri 155. Idan mai ya tafasa sai shi zama tururi. Tururi ba shi tura fistan. Direba shi taka feda, feda ta tafi ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Ga ɗan lissafi. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 cikin daƙiƙa guda. Mai gudun kilomita 90 tana cin mita 25. Idan birki ya yi jinkirin daƙiƙa 2 kawai, mota ta wuce mita 50. A gangaren duwatsun Adar, wajen Buza da Keita, mita 50 ba wasa ba ne.

4. Gwaji na farko: kunne

Kowane kuka da ma'anarshi. Direba shi sami hanya mai kyau wadda babu mutane. Shi buɗe gilashi, shi tafi sannu. Aparanti shi zauna baya shina saurare.

Da farko a tabbata kukan na baya ne. Mota tana tafiya sannu, kamar kilomita 20 a awa. Direba shi danne maɓallin birkin hannu, shi ja shi kaɗan kaɗan, ba tare da taka feda ba. Birkin hannu ƙafafun baya kaɗai shike kamawa. Idan kukan ya fito, to na baya ne. Idan bai fito ba, a duba na gaba.

Sannan a rarrabe irin kukan:

Siririn kuka kamar na ɓera, idan an taka birki. Yawanci ƙura ce ta taru cikin tambur, ko fata ta yi santsi.

Gurzar ƙarfe da ƙarfe, kamar ana wasa wuƙa bisa dutse. Fata ta ƙare, ƙarfen takalmi shina cin tambur. Ko kuwa tsakuwa ta shiga. Wannan ba a kwana da shi.

Shuu, shuu, shuu, mai bin juyawar taya ko ba a taka birki ba. Takalmi shina taɓa tambur. Ko an matse tazara da yawa, ko tambur ya karkace, ko farantin baya ya lanƙwashe.

Ƙas, ko ƙwas, sau guda, lokacin taka birki ko lokacin saki. Takalmi shina maƙalewa bisa faranti sannan shi kuɓuce. Ko ƙaramin rasor mai riƙe takalmi ya karye.

Ƙarar ƙananan ƙarafa suna yawo, kamar tsakuwa cikin gwangwani. Wani abu ya karye ya faɗi cikin tambur. A tsaya nan take, don shina iya ƙafe taya.

Gurnani, tare da fizga. Sau da yawa mai ne ya jiƙa fata.

Feda tana rawa ƙarƙashin ƙafa, birkin hannu ma shina rawa cikin hannu. Tambur ya daina zama kewayayye.

Akwai kukan da ba na birki ba. Idan ana jin wuu mai ƙaruwa da gudu, wanda ba ruwanshi da taka birki, shina kuma sauyawa idan an sha kwana, wannan rulma ne. Kada a ɗora ma birki laifin rulma.

Da safe bayan ruwan sama, birki kan yi ɗan kuka sau biyu ko uku sannan shi yi shiru. Tsatsa ce ta kwana bisa tambur, fata ta share ta. Wannan ba ciwo ba ne.

5. Gwaji na biyu: hannu da hanci

A tafi kamar kilomita 3 zuwa 5 bisa hanya madaidaiciya, ba tare da yawan taka birki ba. A bar mota ta rage gudu da kanta, a tsaya. A kawo bayan hannu kusa da ƙarfen kowace ƙafa. Kada a taɓa, don shina iya ƙona mutum. A gwada ta dama da ta hagu. A sunsuna kuma.

Idan ƙafa guda ce ta yi zafi, ciwon shina wurin wannan ƙafar: kabul ɗinta, ko silindarta, ko rasor ɗinta, ko tazararta.

Idan ƙafafun baya biyu ne sunka yi zafi, a nemi abin da ya haɗa su. Ko birkin hannu bai saki duka ba, ko an matse shi da yawa. Ko kuwa tiyon roba ne. A motoci irin na kaya, tiyon roba guda ne shike kai mai ga ƙafafun baya biyu.

Idan ƙafafu huɗu ne sunka yi zafi, ciwon ba baya shike ba. Shina wurin feda, ko wurin uwar silinda da take gaban direba.

Wannan gwaji ba shi cin ko dala. Amma shina nuna wurin da za a fara.

6. Gwaji na uku: ɗaga mota

A sami wuri mai tauri, madaidaici. A kashe inji. A sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba. Idan wurin rairayi ne, a sa katako mai kauri ƙarƙashin jak. Bayan an ɗaga, a tokare mota da gungumen icce mai ƙarfi. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A fitar da giya, a saki birkin hannu.

Yanzu a juya taya da hannu. Taya mai lafiya tana juyawa ba wahala. Ɗan shuu kaɗan ba laifi. Idan sai an sa ƙarfi, ko ta ƙi juyawa, birki ya kama. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. Idan tana wasa, rulma ya ci.

Daga nan tambayoyi uku ne, bi da bi.

Tambaya ta farko: kabul ne? Aparanti shi ja birkin hannu, shi saki, sau uku. Direba shi duba ƙarƙashi. Idan an saki, ya kamata kabul shi yi sako-sako, shi koma. Idan ya tsaya a miƙe, ko kubenshi ya tsage, ko ya yi tsatsa, a buga kuben kaɗan, a tura kabul baya da hannu. Idan taya ta saki, an kama ɓarawo. Kabul ɗin da ya ci tsatsa ciki, mai ba shi warkar da shi sai na kwana kaɗan. Sauya shi ake yi.

Tambaya ta biyu: mai ne ya ƙi komawa? Aparanti shi taka feda da ƙarfi sau uku ko huɗu, shi ɗauke ƙafa. Idan taya ta kama, a duba bayan faranti. Akwai ƴar ƙusa ta fitar da iska a jikin silinda. A kwance ta kaɗan. Idan mai ya fito da ƙarfi, taya kuma ta saki nan take, to mai ne ya maƙale a hanya. Ciwon ba cikin tambur shike ba. Sau da yawa tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki. Waje shina da kyau, ciki ya toshe. Shina barin mai shi tafi, ba shi barin shi komo. Idan ba tiyo ba ne, a duba uwar silinda, a duba kuma ko feda tana da ɗan wasa kafin ta fara aiki. Fedar da babu wasa ko kaɗan tana hana mai komawa. Bayan wannan gwaji a ɗaure ƙusa, a fitar da iska, a cika mai.

Tambaya ta uku: cikin tambur ne? Idan kabul lafiya, an kuma kwance ƴar ƙusa taya ba ta saki ba, sai a buɗe tambur.

7. Buɗe tambur

A cire taya. Idan tambur ya ƙi fita, kada a yi ta dukanshi da guduma. Tsohon tambur shina yin leɓe a bakinshi, leɓen ne shike riƙe takalma. A nemi ramin da shike jikin faranti, a juya ƙusar daidaitawa baya, takalma su matsa ciki. Wasu tambur, kamar na Toyota da yawa, suna da ramuka biyu masu zare. A sa ƙusa mai kaurin milimita 8 cikin kowane, a ɗaura su bi da bi, tambur zai fito da kanshi.

A buɗe ƙafafu biyu, amma a kwance guda kaɗai. Ɗayar ta zama abin koyi lokacin mayarwa. Mai wayar hannu shi ɗauki hoto kafin shi taɓa komi. Muddin tambur shina waje, kada kowa shi taka feda, don fistan zai fito, mai shi zube.

Kada a hura ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Fatun birki na da ana yin su da wani abu mai suna amiyant, wasu suna ce mashi asbestos. Ƙurarshi tana lalata huhu, ciwon kuwa ba shi bayyana sai bayan shekaru. Faransa ta hana aiki da shi tun 1997, amma ba kowace ƙasa ta hana ba. Da ido ba a gane fata mai shi da maras shi. A rufe hanci da baki, a share ƙura da jiƙaƙƙen tsumma.

Sannan a duba abubuwa shida:

Fata. Idan kaurinta bai kai na tsinken ashana ba, wato wajen milimita 2, lokacin sauyi ya yi. A duba ko ta tsage, ko ta fara ɓamɓarewa daga ƙarfe. Fatar da ta ɓamɓare tana iya ƙafe taya ana cikin gudu. Idan takalmin dama ya ci fiye da na hagu nesa ba kusa ba, na dama ne shike kamawa.

Jiƙa. Idan fata ta jiƙe, a san ko wane mai ne. A ɗaga bakin robar silinda kaɗan. Idan akwai mai ciki, silinda tana yoyo. Idan man mai kauri ne, mai wari, ya fito daga tsakiya, to man pon ne, wato ƙarfen nan da ya haɗa ƙafafun baya biyu. Robar da take tare shi ta ci. A toshe yoyo tukuna, sannan a sa sababbin takalma.

Silinda. A tura kawunan takalma dama da hagu da hannu. Fistan mai lafiya shina motsi. Wanda ya yi tsatsa ba shi motsi, ko shi fita shi ƙi komawa. A duba robar baki. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Idan roba ta yage, ruwa da laka sun shiga.

Rasor. A duba wanda ya karye, ko ya miƙe, ko launinshi ya sauya don zafi. Rasor ba shi da tsada, amma shi ne mai saki.

Faranti. Kowane takalmi shina zaune bisa ƴan tuddai, yawanci uku. Idan wurin ya bushe, ko takalmi ya haƙa rami, sai shi riƙa maƙalewa. A goge wurin, a shafa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero. Kada giris shi taɓa fata.

Tambur. A shafa cikinshi da yatsa. Idan akwai kunyoyi masu zurfi, ko tsaga, ko shuɗin tabo na ƙuna, a kai ma makanike. A jikin yawancin tambur an rubuta iyakar faɗin da aka yarda shi kai. Idan ya wuce wannan lamba, ya yi siriri, ba shi gyaruwa.

Bayan an mayar da komi, a daidaita tazara. A matse ƙusa har taya ta fara kamawa, sannan a sassauta har ta juya da ɗan shuu kaɗan. Sai an gama wannan ake daidaita birkin hannu. Wanda ya matse kabul don shi rufe tazarar takalma ya gayyato kamawa da hannunshi. A taka feda sau da yawa har ta yi tauri. A gwada mota sannu, babu fasinja, kafin a hau babbar hanya.

8. Misali

Ga misalin wani direba mai ɗaukar albasa da fasinja daga wajen Galmi. Ƙafar motarshi ta baya ta dama tana zafi, tana wari. Ya sayi takalma, an sa. Bayan sati uku sun ƙone. Ya sake saye, sun sake ƙonewa.

Ran nan aparanti ya ce: "Maigida, warin nan ya komo."

Direba ya tafi wurin wani tsohon makanike da takalma na uku a hannu. Ya ce: "Baba, ga takalma, a sa mani. Waɗancan jabu ne."

Tsoho ya ce: "Ajiye su tukuna, ɗana. Yaushe abin ya fara?"

Direba ya ce: "Tun tsakiyar damina."

"Kana shiga ruwa?"

"Kullum, Baba. Hanyar ƙauyenmu sai an ratsa ƙorama."

Tsoho ya sa anka ɗaga mota. Ya ce ma aparanti shi ja birkin hannu, shi saki. Tayar hagu ta juya. Ta dama ta ƙi. Tsoho ya shiga ƙarƙashi, ya bugi kuben kabul, ya tura shi da hannu. Taya ta saki. Ya ce: "Zo ka gani. Kube ya tsage, laka ta shiga, tsatsa ta kama. Takalmanka ba su da laifi. Ko sau goma ka sauya su, sai sun ƙone."

Anka sauya kabul, da rasor ɗin da zafi ya kashe. Sannan anka sa takalma dama da hagu. Da direban ya fara da gwaji, da kuɗin takalma biyu suna aljihunshi.

9. Abubuwan da ba a yi

Ba a zuba ruwan sanyi bisa tambur mai zafi. Shina iya karkacewa ko shi tsage. A bar shi shi huce da kanshi.

Ba a ƙona fata da wuta don a fitar da mai. Ba a wanke ta da gazuwal. Fatar da ta sha mai ta mutu.

Ba a sauya takalman ƙafa guda. Dama da hagu tare ake sauyawa, in ba haka ba mota za ta riƙa karkata.

Ba a matse tiyon ƙafa guda a kashe birkinta, a ci gaba da ɗaukar mutane.

Ba a zuba man inji ko ruwan sabulu madadin man birki. Man inji shina kumbura robobi, birki shi kama ko shi zube. Ruwa kuwa shina tafasa a digiri 100, shina kuma kawo tsatsa. Man birki shi ne wanda makanikai suke ce ma lokid. Sunan ya samo asali daga wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda ya yi rajistar birki mai aiki da mai a 1917. Daga baya anka riƙa rubuta sunan Lockheed. A sayi wanda shike cikin gwangwani rufaffe. Araha ba ta ado.

Wasu motocin kaya suna da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashi, kusa da pon, mai auna nauyin kaya. Idan kaya sun yi nauyi shina ƙara ma birkin baya ƙarfi. Idan babu kaya shina ragewa. Ba a cire shi, ba a ɗaure shi da waya. Idan tayoyin baya suna ƙafewa da wuri lokacin da mota take wofi, a sa makanike shi duba shi.

10. Rigakafi

Bayan an fito daga ruwa, a tafi sannu, a riƙa taka birki kaɗan kaɗan har fata ta bushe.

Motar da ta shiga ruwa, ko wadda za ta daɗe a ajiye, kada a bar ta da birkin hannu a jaye. A tsayar da ita wuri madaidaici, a sa giya, a tokare taya da dutse. Idan an tarar takalma sun manne da safe, a saki birkin hannu, a motsa mota gaba kaɗan, baya kaɗan, a hankali. Idan ta ƙi, a cire taya, a sa katako bisa tambur, a buga sannu.

A gangara mai tsawo a sa ƙaramar giya, inji shi taimaki birki.

A duba tulun man birki kowane sati. Idan shina raguwa da sauri, akwai yoyo. A sauya man duka kowace shekara 2.

A buɗe tambur sau biyu a shekara: kafin damina, da bayan damina.

Manomi shina duba garma da shanunshi kafin ruwan shuka. Haka ya kamata direba shi duba birki kafin ranar kasuwa, ba bayan an yi lodi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasinja ma shina da haƙƙi. Idan ya ji warin ƙuna daga ƙafar baya, shi faɗa ma direba shi tsaya. Tsayuwar minti 10 a bakin hanya ta fi kwana a asibiti.

Tambayoyi don masu karatu

1. Wane abu ne shike tura takalman birki? Wane ne shike jawo su?
2. Ƙafafun baya biyu sun yi zafi. Waɗanne abubuwa za a fara dubawa?
3. An kwance ƴar ƙusar fitar da iska, mai ya fito da ƙarfi, taya ta saki. Ina ciwon shike?
4. Yaya ake bambanta kukan rulma da kukan birki?
5. Don mi ba a hura ƙurar birki da baki?
6. Mota tana gudun kilomita 90 a awa. Mita nawa za ta ci cikin daƙiƙa 3?